El Sistema: A Ƙirga Yaran da Suka Shiga Kafin a Tafa wa Taurari

A shekarar 1975, José Antonio Abreu, masanin tattalin arziki kuma makaɗi, ya tara matasa 11 a wani garejin motoci a Karakas, babban birnin Benezuwela, suka fara gwajin kiɗa. Mafarin El Sistema ke nan, shirin da gwamnati ke ɗaukar nauyinsa domin koya wa yara kiɗa kyauta. Wasu ƙasashe sun bi sahu: NEOJIBA a jihar Bahia ta Birazil tun 2007, da Big Noise a unguwar Raploch ta Sikotland tun 2008. Ina goyon bayan a kashe kuɗin jama'a a irin wannan aiki, da zuciya ɗaya. Abin da nake ja a kai shi ne mudun da ake auna nasararsa da shi.

Amfanin shirin yana cikin yadda yaro ke cinye yammacinsa. Da an tashi daga makaranta sai ya nufi cibiyar unguwarsu, ya yi sa'o'i yana gwaji kusan kullum, da kayan kiɗan da aka ara masa. A wasu cibiyoyin ƙanana kan fara da gogen kwali da takarda, su koyi riƙo da zama da jiran alamar jagora kafin a damƙa musu na gaske. Wanda ya ɗan iya yana koya wa na bayansa. Idan yaro ya yi gaggawa ko ya makara da bugu ɗaya, ya ɓata wa kowa, kuma da kunnensa zai ji ɓarnar. Haƙuri da sauraron na kusa da kai a aikace ake koyonsu a nan, a daidai lokacin da titi ke kiran yaro.

Sai dai duk lokacin da aka zo yabon shirin, sunan Gustavo Dudamel ake fara kawowa, ɗan garin Barquisimeto da ya zama jagoran ƙungiyar makaɗan Los Angeles a 2009. Gwani ne, babu musu. Amma mahaifinsa makaɗi ne, mahaifiyarsa malamar waƙa. Ɗaukakarsa ba ta gaya mana komai a kan yaron da babu mai raka shi cibiyar.

Bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka, wanda ya ba shirin rancen dala miliyan 150 a 2007, ya sa an yi bincike da aka wallafa a 2017. An gano cewa kiɗan ya taimaka wa yara wajen kame kai, musamman maza da suka taso cikin tashin hankali. An kuma gano cewa kusan kashi 17 cikin 100 na yaran da aka bincika ne kawai 'ya'yan matalauta, alhali talauci a jihohinsu ya haura kashi 46. Waɗanda kiɗan ya fi yi wa magani su ne suka fi ƙaranci a ɗakin. Ban ga abin mamaki a ciki ba. Darasi kyauta ne, amma kuɗin mota fa? Yaron da gidansu ke jiran abin da zai samo da yamma, wa zai sake shi ya tafi goge?

Matsala ta biyu siyasa ce. Abreu ya nuna wa gwamnatoci cewa shirin na jin daɗin jama'a ne, shi ya sa ya tsira duk da sauye-sauyen mulki. Daga baya aka mayar da shi ƙarƙashin fadar shugaban ƙasa, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A 2017 aka harbe wani makaɗin shirin mai shekara 18 a wajen zanga-zanga. Da Dudamel ya fito ya nemi a daina zubar da jini, gwamnatin shugaban ƙasa Maduro ta soke tafiye-tafiyen da zai jagoranci matasan zuwa ƙasashen waje. A 2021 kuma aka jera makaɗa 8,573 domin shiga kundin Guinness, a lokacin da miliyoyin 'yan ƙasar suka riga suka yi hijira saboda ƙuncin rayuwa. Raina ya sosu, domin yaran da aka ce an tara su don a gina su sun koma ado a hoton masu mulki.

Duk da haka ba zan ce a rufe cibiya ko ɗaya ba. Gyara ake buƙata. A kai cibiyoyin cikin unguwannin da suka fi wahala, a bi gida-gida a nemo yaran, a biya musu kuɗin mota da abincin rana. A biya malamai albashin da zai riƙe su. A ɗora kuɗin shirin a kan doka, a hannun hukumar da shugaban ƙasa ba zai juya ta yadda ya so ba. Sannan duk shekara a fito a faɗa wa masu biyan haraji 'ya'yan talakawa nawa suka shiga, nawa suka daure har ƙarshe. Gwamnatin da ta kasa ba da wannan lissafi ba ta da hurumin cewa don talaka take kashe kuɗin.