ECOWAS a Ma'aunin Kongolam

Mai son sanin darajar ECOWAS a idon talaka ya leƙa Kongolam, bakin iyakar Mai'adua da Nijar. A nan ake gane ko alƙawuran Abuja na da nauyi.

An kafa ƙungiyar a Legas a 1975. A 1979 ta amince da zirga-zirgar jama'a ba tare da biza ba. Mutanen Mai'adua ba su jira wannan takarda ba, don tun kafin Turawa su shata iyaka ake auratayya da fatauci tsakanin Daura da Damagaram. Takardar ta samu mutunci ne saboda ta tabbatar da abin da ta tarar.

Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da Mohamed Bazoum. Bayan kwana huɗu ECOWAS ta sa aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki. Janar Tchiani bai kwana da yunwa ba. Dillalan shanu a kasuwar Mai'adua, da direbobi, da 'yan dako su ne suka ji a jikinsu. A Fabrairun 2024 aka janye takunkumin, sojojin na nan daram.

Babban aibin shi ne zaɓen wanda doka za ta hau kansa. A 2019 Buhari, ɗan Daura, ya rufe iyakokin Najeriya sama da shekara guda, ba a hukunta shi ba. A 2020 Alpha Condé da Alassane Ouattara suka yi tazarce karo na uku, ba a sa musu takunkumi ba. Manhajar da ke ba da amsa biyu ga tambaya ɗaya, ana cewa ta lalace. Haka doka take.

Sai dai lalacewar alƙali ba ta wanke mai laifi. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice a Janairun 2025, sun rungumi ƙawancen AES. Bayan wata biyu aka rantsar da Tchiani na shekara biyar ba tare da ƙuri'a ko ɗaya ba. Wanda ya zargi ECOWAS da rashin jin muryar jama'a, shi ma bai tambaye su ba.

Idan ECOWAS na son a sake jin maganarta, ta hukunta mai tazarce kamar yadda take hukunta mai bindiga, hukuncin kuma ya tsaya a kan masu mulki, kada ya sauka a kan mai kora shanu zuwa kasuwa.