Ranar Kasuwa da Jirgi Mai Yoyo: Nazari Kan Al'adar Fitar da Buɗaɗɗiyar Manhaja

Duk wanda ya taɓa kwana a bakin ruwa a Yelwan Yawuri ko Wara daren jajibirin kasuwa ya san abin da masu jirgin fito ke yi kafin gari ya waye. Mai jirgi zai haska tocila ya bi layin da katako ya haɗu da katako, inda ya ga damshi ya cusa tsumma, ya shafe. Ba kowane yoyo yake tsayawa toshewa ba. Akwai wanda yaro ɗaya da roba a hannu zai yi ta kwarfewa har a ƙetare lafiya, akwai kuma wanda in aka tashi da shi an yi wasa da rayukan jama'a. Kasuwa kuwa ba ta jiran kowa. In ya ce sai jirgi ya koma sabo fil, mai albasa da mai busasshen kifi sun bi wani. Gwanintarsa duka tana wurin bambance yoyon nan biyu.

Irin wannan shawara masu rubuta buɗaɗɗiyar manhaja suke yankewa kullum, kuma sun fi shekara 30 suna saɓani a kanta. Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka bar rubutun da aka gina ta da shi a fili, kowa ya karanta, ya gyara, ya ba wani. Babu manhajar da ba ta da kuskure. Abin da ya raba kawuna shi ne: a sa rana a fitar da sabuwar siga ko da sauran kurakurai a ciki, ko a jira sai an share su?

Kada mai karatu a Shanga ko Ngaski ya ce wannan rigimar Turawa ce. Rahoton wata-wata da ƙananan asibitocinmu ke cikawa, na haihuwa da rigakafi da zazzaɓin cizon sauro, a DHIS2 yake ƙarewa, manhajar da ake kula da ita daga Jami'ar Oslo a ƙasar Norway. ODK, wadda ta fito daga Jami'ar Washington a 2008, ta yi aiki sosai a wayoyin masu sa ido kan rigakafin shan inna a jihohin Arewa. SORMAS ta samo asali ne daga annobar Ebola ta 2014, da haɗin gwiwar masana na Najeriya da Jamus. Dukansu buɗaɗɗu ne. Binciken zazzaɓin cizon sauro na 2021 ya samu cutar a jinin yara 49 cikin 100 a Jihar Kebbi, adadi mafi yawa a ƙasar nan, kuma a Disamban 2024 Kebbi da Bayelsa ne suka fara karɓar allurar rigakafinsa. Lissafin da ake rabon magani da shi, ta cikin irin waɗannan manhajoji yake bi.

Tsohuwar makaranta a wannan fage ita ce ta Debian, manhajar tafiyar da kwamfuta wadda Ian Murdock ya kafa a 1993. Al'adarsu ita ce ba a fitar da siga sai ta nuna. Suna da jerin kurakuran da suke ɗauka masu hana fita, su rufe ƙofar shigar da sabon abu, su duƙufa kan jerin har ya kusa ƙarewa. Wannan ya ba su suna wajen ƙarko, amma ya taɓa jawo musu dogon jira: sigar da ta fito a Yulin 2002 ba ta samu magajiya ba sai Yunin 2005. Kusan shekara uku mutane na riƙe da tsofaffin kaya, wanda ya sayi sabuwar kwamfuta yana fama.

A cikin wannan jiran ne Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya fito da Ubuntu a Oktoban 2004, ya gina ta a kan Debian, ya kuma ɗaura ta a kalanda: Afrilu da Oktoba, duk shekara. Har lambar sigar ma wata da shekara take nunawa, shi ya sa 6.06 ta fita daban a jerin, domin a 2006 sun ɗage daga Afrilu zuwa Yuni don a ƙara gyara. Ita ce ta farko cikin sigogin da suke riƙewa da gyara na dogon lokaci, waɗanda ke fitowa duk shekara biyu. Debian ita ma daga baya ta daidaita, tana fita kusan duk shekara biyu, kamar a Yunin 2023 da Agustan 2025.

Tsarin da ya fi burge ni shi ne na Linux, ginshiƙin da Debian da Ubuntu ke tsaye a kai, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991. Ana buɗe ƙofa mako biyu kacal a karɓi sababbin abubuwa. Da zarar an rufe, sai gyara kaɗai. Duk mako ana fitar da sigar gwaji, yawanci har bakwai, in hankali bai kwanta ba a ƙara ta takwas. Cikin mako tara zuwa goma an gama zagaye. Wanda aikinsa bai nuna ba a mako biyun nan ba ya da dalilin tura shi ɗanye, don ya san wani jirgin na tashi nan da wata biyu da 'yan kwanaki. A ganina sirrin ke nan: yawan tashin jirgi shi ke rage turereniya a bakin ruwa. Inda ake fita sau ɗaya a shekara uku, kowa zai so ya cusa kayansa ko ta halin ƙaƙa, tunda in ya rasa wannan bai san ranar wani ba. Suna kuma da doka guda da Torvalds ba ya sassautawa a kanta: abin da yake aiki jiya, sabon gyara ba shi da izinin karya shi yau. In ya karya, a janye gyaran, komai kyansa. Bahaushe ya daɗe da sanin wannan cuta, shi ya sa yake da sunan gyaran gangar Auzinawa.

Daga nan nake ganin tambayar tun farko ba a yi ta daidai ba. Abu uku ke hannun mai manhaja: rana, yawan sababbin abubuwa, da ingancin abin da ya fitar. Ana yawan yin kamar tsakanin rana da inganci kawai ake zaɓe, alhali na tsakiyar shi ya kamata ya sha wuya. A riƙe rana, a riƙe inganci, a sauke kaya. Mutanen Ngaski ba sa bukatar a yi musu bayanin lodin da ya wuce kima, bayan jirgin da ya nutse kusa da Wara a Mayun 2021 ɗauke da mutum fiye da 150. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ba na auna manhaja da wannan rashi, darasin kawai na ɗauko: abin da ake ragewa shi ne kaya.

Akwai lokacin da rana ma dole ta kauce. A ranar 29 ga Maris 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya bayyana cewa an dasa ƙofar sata a cikin xz, wata 'yar manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux. Jinkirin kusan rabin daƙiƙa ya lura da shi, ya bi sawu. Da aka waiwaya, sai aka ga tun 2022 wasu baƙin sunaye suke matsa wa mai kula da ita, Lasse Collin, wanda ke aikin a kyauta, cewa yana jan ƙafa, har ya raba ragama da wanda ya dasa ɓarnar. Da kukan jinkiri aka karya ƙofar. Tabbatacciyar sigar Debian ta tsira saboda ba ta ɗauki sabuwar xz ba, Ubuntu kuma ta ɗage sigar gwajinta ta 24.04 da mako guda ta sake gina kayanta. Kuskuren da ke buɗe wa ɓarawo hanya, da wanda ke cinye bayanan mutane, su ne yoyon da ba a tashi da shi.

To, mu dawo gida. Masu wannan sana'a suna kiran inda ake rubuta manhaja saman kogi, masu amfani da ita kuma ƙasan kogi. Mutumin gaɓar Kainji zai gane wannan da sauri. Tun kafin a gama madatsar a 1968 Neja ke kawo cika biyu a shekara: ɗaya ta ruwan daminar kusa, ɗaya ta ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa Mali, ya iso mana da rani. Haka sabuwar siga take. Ta fito a Oslo, sai masu kula da rumbun ƙasa sun gwada ta, an horar da jami'an jiha, su kuma sun horar da na ƙananan hukumomi.

Ka ɗauki ma'aikaciyar lafiya da aka tura wani gungu a tsakiyar ruwa lokacin rabon maganin kare yara daga zazzaɓi, wanda ake yi wata-wata da damina. Wayarta ba sabuwa ba ce, caji ta saya kafin ta shiga jirgi, sabis kuwa sai ta dawo tudu. Gida-gida take cika fom, wayar na adanawa, da fatan da yamma ta aika. In an sauya wurin maɓalli ana tsakiyar zagaye, ta rasa awa guda. In sabuntawa ta hana fom ɗin jiya buɗewa, an rasa lissafin ƙauye guda, kuma ba a komawa, don kuɗin mai ya ƙare. Bukatarta ita ce ta san watan da canji zai zo, kada ya faɗo a tsakiyar aiki, kuma a ci gaba da gyara tsohuwar sigar da wayarta ke iya ɗauka. Da Firefox, manhajar shiga intanet, ta koma fita duk mako shida a 2011, manyan ma'aikatu suka koka, aka ware musu siga mai daɗewa a farkon 2012. DHIS2 ma ta rage yawan manyan sigoginta zuwa ɗaya a shekara, da ƙananan gyare-gyare a tsakani. Na yaba wannan mataki, domin ya yi la'akari da na ƙasan kogi.

Sai dai akwai laifin da yake namu. Jerin kurakuran da ake dubawa kafin a ce a fita ko a dakata, daga rahoton masu amfani ake gina shi. Kuskuren da ba a rubuta ba, a wurin mai gyara babu shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mu mun saba mu kashe waya mu kunna, mu yi ƙorafi a zauren WhatsApp na ofis, magana ta mutu a nan. Wanda ke Oslo yana gwaji da intanet mai ƙarfi da waya mai kyau, ba zai taɓa cin karo da abin da ke faruwa in sabis ya yanke ana tsakiyar aikawa ba, ko yadda ƙ da ɗ da ɓ ke rikiɗewa a sunayen yara.

Don haka kirana ga jami'an tattara bayanai na Yawuri da Ngaski da Shanga, da ɗalibanmu masu karatun kwamfuta a Birnin Kebbi da Aliero: in manhaja ta ba ku matsala, ku rubuta irin wayar, da lambar sigar, da abin da kuka danna kafin ta tsaya, ku ɗauki hoton fuskar wayar ba tare da sunan majinyaci ba, ku aika ta hannun ofishinku ko kai tsaye ga masu kula da ita. In an fitar da sigar gwaji, ku nemi a ba ku ku gwada ta a bakin ruwa kafin damina ta kama.