Ɗaki Wayam, Kuɗi Buhu-buhu

Akwai wani yayi na gini da ya kama masu kuɗin duniya, har ya fara leƙowa ƙasarmu. Turawa suna kiransa minimalizim, watau a rage kome da kome, a bar abin da ya zama tilas kaɗai. Bango fari fat ko mai launin ƙasa, ba zane, ba hoto. Taga ta gilashi tun daga daɓe har rufi. A tsakar ɗaki doguwar kujera ɗaya da teburin dutse, shi ke nan. Hotunan irin waɗannan gidaje suna yawo cikin wayoyin samari har nan Gangara, kowa ya gani sai ya ce, "Kai, ga tsabta!" To, jama'a, tsabta kam akwai ta. Amma bari mu leƙa bayan bangon.

Abin ba yau ya fara ba. Wani gwanin zanen gini Bajamushe, Mies van der Rohe, ya gama wani gida a 1951 a bakin kogi, can yamma da Shikago a Amurka. Ya gina shi ne wa wata likita, Edith Farnsworth. Ƙarfe ne da gilashi, ɗaki ɗaya falan-falan, na waje yana ganin na ciki. Har gobe ɗaliban gini suna zuwa kallonsa. Ita kuwa mai gidan kuka ta yi ta yi: ba isasshen wurin ajiye tufafi, da zafi gidan ya gasa ta, da dare fitila ta tara mata sauro. Sai da maganar kuɗin aikin ta kai su gaban alƙali. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, amma yayin bai mutu ba. A 2009 aka buɗe otel ɗin Amangiri cikin hamadar Yuta, duk siminti tsirara mai launin duwatsun wurin, kwana ɗaya dalar Amurka dubbai. Mutum ya biya abin da ya fi noman damina guda, don ya kwana a ɗakin da ba kome.

Ga aibi na fari. Wayam ɗin nan na ido ne kawai. Kayan suna nan, an ɓoye su ne cikin kabad da aka saje da bango, da wasu ɗakuna na baya waɗanda mai ɗaukar hoto ba ya shiga. Akwai kuma barori da su ke bin sawun maigida suna kwashe duk abin da ya ajiye. Wanda ya ke da ɗaki goma shi ke iya barin ɗaya ba kome. Mai ɗaki ɗaya, nan ne shimfiɗarsa, nan ne buhun hatsinsa, nan ne akwatin matarsa.

Mu kuma a wurinmu ɗaki wayam ba ado ba ne, alama ce ta an shiga wani hali. Ku tuna ɗakin amarya. Uwa ta kan fara tara wa ƴarta kaya tun tana ƙarama, yau kwano gobe tasa. Ran jere mata su taru, a ɗora langa bisa langa, fanteka bisa fanteka, tun daga kan kabad har kusa da azara. Kafin kwano ƙorai ne masu zane. Baƙon da bai sani ba sai ya ce tarkace ne. Alhali jeren nan littafi ne, matan da ba su taɓa zama ajin yaƙi da jahilci ba suna karanta shi sarai: wannan na goggo ne, wancan bikin da uwar amarya ta yi wa wance ne ya dawo. Kuma asusu ne. Mu mutanen Damargu mun san shekarun da rumbu ya ƙare tun kafin damina, irin 1984 da 2005. A irin wannan lokaci abin da mace ta mallaka a ɗakinta ya kan koma tiyar gero. Duk salon da ya ce a share wannan da sunan tsabta, dukiyar mata ya ce a share, ko da bai sani ba.

Sa'an nan ga ƙura. Farin bango da faffaɗan gilashi ba su san hunturun Tanut ba. Iska ta taso daga gabas da safe, kafin azahar ka rubuta sunanka da yatsa a kan tebur. Da bazara kuwa gilashi ya kan shigo da rana ya hana ta fita, sai na'urar sanyaya ɗaki ta yi ta aiki dare da rana.

A Yamai manyan otel-otel ne su ka shigo da ɗanɗanon wannan yayi. Don taron shugabannin Tarayyar Afirka na watan Yuli 2019 aka buɗe Radisson Blu, wanda kamfanin Summa na Turkiyya ya gina, da Noom, da Bravia. Sun sauke baƙi, sun fitar da ƙasa kunya, ba mai musun wannan. Amma baƙon da ya farka a irin waɗannan ɗakuna masu sumul, in bai buɗe labule ya hango kogin Kwara ba, da me zai san ba a Dubai ya kwana ba? Kuma ran irin wannan gini a hannun lantarki ya ke. A watan Agusta 2023, da Nijeriya ta yanke wutar da ta ke ba mu, aka ga bambanci: soron ƙasa bai san an yi ba, dogon bene kuwa sai da injin gazuwal.

Ba wai rage ado ne laifi ba. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, laka ce da itace kawai, ba wanda ya taɓa cewa ta rasa kyau. Cikin magina na zamani, wadda ta fi kusa da gane wannan ita ce Mariam Issoufou. Tare da abokan aikinta ta gama gidaje shida a Yamai a 2016, aka sa musu suna Niamey 2000. A 2018 ita da Yasaman Esmaili su ka gama aikin Hikma a Dandaji cikin jihar Tawa: tsohon masallaci ya zama ɗakin karatu, aka gina sabo kusa da shi, maginan garin na cikin aikin. Bulon jar ƙasa ne wanda a ke matsewa da inji, ba a gasa shi ba. Bango mai kauri yana riƙe sanyin dare, an bar wa iska hanyar shiga da fita. Nan ma ba zane, ba kwalliya, amma rashin adon yana da dalili, kuɗin ya tafi wajen inuwa da iska. Mu da mu ke koyar da manya karatu a ƙarƙashin rumfar zana, ɗakin karatun nan na Dandaji ya fi kowane otel tsaya mana a rai.

Duk da haka ina da ƙorafi biyu. Gidajen Yamai ɗin don masu albashi aka yi su, kuma bulon yana son inji da jar ƙasa ta ƙwarai, mu kuwa a Damargu rairayi ya fi yawa, sai an nemi laka a bakin tabki. Na biyu, a ganina an yi rowar zane. A Birnin Damagaram, gidan da ya isa ba ya rasa zanko a kansa da zane a goshin zaure, a nan magini ke nuna hannunsa. In manyan ayyukan ƙasa su ka saba da bango sumul, mai zanen zai rasa mai kiransa, yaronsa kuma ya bar koyo ya tafi cirani Agadas ko Kano.