DOKI A FAGE DA DOKI A BARGA: SHARHI A KAN ABIN DA AKA RUBUTA GAME DA TARBIYYAR MAHAYI

Gabatarwa

A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta shigar da hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gargajiya na duniya da suka cancanci kiyayewa. Wannan abin farin ciki ne, amma ya ta da wata tambaya da aka daɗe ana tsallakewa. Abin da 'yan kallo suke gani ran Hawan Daushe ko Hawan Nasarawa, watau ado da sukuwa da zamiya da jafi, aikin yini guda ne. Dokin da ya yi zamiya a Ƙofar Kudu ya shekara a turke, ana yanko masa ciyawa, ana ba shi kanwa, ana fita da shi kilisa. Mahayinsa kuma an yi shekaru ana horonsa a bargar gidansu kafin a yarda ya sa ƙafa a likkafa gaban jama'a. Manufar wannan maƙala ita ce a duba yadda tarihi da adabi da ƙamus suka ɗauki wannan horo na gida, a ga inda suka yi ƙoƙari da inda suka gaza.

Makarantar Barga

Kafin a auna abin da aka rubuta, ya kamata a fayyace abin da ake koyarwa. A gidan sarauta ko na attajiri mai dawaki, yaro yakan fara ne da dokin kara a tsakar gida. In ya tasa sai a tura shi barga, ƙarƙashin muri ko wani babban bara, kuma ba da hawa ake farawa ba. Aikinsa na fari shi ne yankan ciyawa da sharar turke da ɗebo ruwa. Daga nan a koya masa auna dawa da dusa, da jiƙa kanwa, da tanadin harawa domin rani. Sai ya iya kama ragama ya ja doki zuwa mashaya, ya goge shi, ya duba ƙofatonsa, sa'an nan a ɗora shi bisa mai sanyin hali, sau da yawa ba sirdi. Ɗaura sirdi da sa linzami su ne darasin ƙarshe.

Wannan jeri yana da dalili. Tumbin doki ƙarami ne in an gwada da girman jikinsa, kuma ba ya iya amai. Saboda haka in aka cika masa hatsi a tashi ɗaya, sai cikinsa ya ƙulle, wani lokaci har ya kai ga mutuwa ko lalacewar ƙofato. Yaron da ya shekara yana ba da abinci kaɗan-kaɗan, safe da rana da dare, ya san wannan da hannunsa tun bai iya faɗinsa da baki ba. Haka nan yakan koyi gane shekarun doki daga haƙoransa, domin a wajen shekara biyar haƙoran girma na gaba suke cika. Yakan san goɗiya na ɗaukar ciki wajen wata goma sha ɗaya. Mafi girma duka, yakan koyi karanta kunne da ido da wutsiya, ya san lokacin da doki zai yi harbi ko cizo. Watau haƙuri da lura ake dasa masa, hawa kuwa lada ne da ke zuwa daga baya.

Abin da Tarihi Ya Kama

Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya buga fassararsa a 1908, ya ambaci doki a wurare da yawa. Ya nuna a zamanin Kanajeji aka fara amfani da lifidi da sulke da kwalkwali, kuma Kano na aika wa Kwararrafa da dawaki a musanya da bayi. Ya jingina wa Muhammadu Rumfa (1463-1499) fara dawakin zage. Duk wannan labarin yaƙi ne da na sarauta. Wanda ya ciyar da dawakin nan, da wanda ya koya wa barade hawa tun suna yara, marubucin bai ga dalilin ambatonsu ba.

Masana na baya sun ƙara faɗaɗa fagen. Joseph Smaldone, a littafinsa na 1977 kan yaƙe-yaƙen Daular Sakkwato, ya nuna matsayin rundunar dawaki a tsarin mulki da na yaƙi. Robin Law, a littafinsa na 1980 kan tarihin doki a Afirka ta Yamma, ya fi kowa kusantar barga, domin ya yi magana kan ciyarwa da cututtuka da kayan hawa da masu hidima. Ya kuma bayyana yadda ƙudan tsando da cutar sammore suka sa riƙon doki ya yi wuya a ƙasashen kurmi, har masarautu irin su Oyo suka dogara ga dawakin da ake kawowa daga arewa. Wannan aiki ne na a yaba, kuma har yau ɗalibi ba zai wadatu da barinsa ba.

Duk da haka akwai iyaka. Tambayar da ke jan waɗannan littattafai ita ce ta tsada da ta ƙarfin mulki: nawa doki yake ci, wa ke iya riƙe shi, me ya tsinana a fagen fama. Barga a wurinsu ma'ajiyar makami ce. Ga Bahaushe kuwa makaranta ce, inda uba yake gwada hankalin ɗansa, inda bara yake da ikon tsawata wa ɗan ubangidansa. Bugu da ƙari, littafin da ya rungumi Afirka ta Yamma baki ɗaya ba zai iya zama a gida ɗaya ya ga yadda ilmi ke tafiya daga kaka zuwa jika ba. Kuma da Turanci aka rubuta su, harshen da yawancin masu ilmin barga ba su karantawa, balle su gyara kuskure in sun gani.

Abin da Adabi Ya Kama

A adabin Hausa doki yana ko'ina, amma kusan kullum a ɗaure da sirdi ake kawo shi. A Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, wanda ya fito daga gasar 1933, doki kayan jarumtaka ne. A Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, dokin jarumi ya sami suna, Ƙwalele, ya zama aboki, sai dai dokin al'ajabi ne wanda ba a auna shi da na turke. A waƙar baka kuwa, wadda Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, ya yi wa dokin sukuwa Ɗanfilinge tana cikin mafi shahara, kuma jigonta gudu ne da cin tsere. Ba laifin makaɗi ba ne, domin makaɗin fada nasara yake wasawa, kuma wanda ke da abin kyauta shi ake yi wa kiɗa. Muri ba shi da riga ko kujerar Makka da zai bayar. Ta haka tsarin kyauta ya zaɓa wa adabi abin da zai tuna.

Inda barga ta sami mafaka shi ne karin magana da salon magana, waɗanda ba su jiran kyautar kowa. Wanda ya fara cewa linzami ya fi ƙarfin bakin kaza ya san nauyin ƙarfen a hannunsa. Da aka ce mai doki ya koma kuturi, an zana hoton da sai wanda ya taɓa goyo a bayan sirdi zai ji zafinsa. Haka nan hawa dokin zuciya, da ja wa mutum linzami, da riƙe ragamar mulki, da ƙara ƙaimi, duk daga barga suka fito. Abin lura shi ne, yawancinsu kan kamun kai da iya jagoranci suke magana, watau ainihin darasin da ake koya wa yaro. Yau ɗalibi yakan rubuta ragamar mulki a jarrabawa alhali bai taɓa ganin ragama ba, bai kuma san bambancinta da linzami ba.

Abin da Ƙamus Ya Kama

Ƙamusun G. P. Bargery na 1934 ya tara kalmomin doki masu yawan gaske, na R. C. Abraham na 1949 da na Jami'ar Bayero na 2006 suka biyo baya. A nan ake samun sunayen launi irin su akawal da kili da biɗi da danda da gunya da hurde, da na jinsi da girma irin su ingarma da ƙuru da dukushi, da na kaya irin su zubka da jalala da majayi. Ba don wannan aiki ba, da wasunsu sun ɓace. Aibin shi ne, jerin abacada yana raba abin da aiki ya haɗa. Zubka tana ƙarshen littafi, majayi yana tsakiya, ba inda aka nuna wanne ake fara ɗorawa, ko me ke faruwa ga gadon bayan doki in zubka ta yi tauri ko majayi ya yi sako-sako. Ƙamus ya ajiye kalma, ya bar hannun da ke aiki da ita.

Gyara Kayanka

Kada a ɗauka duk abin da ke barga abin yabo ne. Linzamin gargajiya mai zobe da ke kewaye haɓa, mai harshen ƙarfe da ke dannar ganɗa, shi ke sa doki ya tsaya cak daga cikin sukuwa. A hannun gwani taɓawa kaɗan ta isa. A hannun wanda bai yi zaman barga ba, sai a ga jini a bakin dabba. Haka ƙaimi, haka ƙuna da ake yi da sunan magani a inda likitan dabbobi zai fi amfani. Yawaitar hawan angwanci da dawakin haya a birane ta ƙara fito da wannan, domin an sami mahaya da yawa waɗanda suka fara daga sirdi, ba daga sharar turke ba. Duk rubutun da za a yi nan gaba, wajibi ne ya faɗi wannan a fili, ya bambance abin da za a riƙe da wanda za a gyara.

Kammalawa

An ga yadda tarihi ya riƙe dokin yaƙi, adabi ya riƙe dokin fage, ƙamus ya riƙe sunaye. Tun da aka ci Kano da Sakkwato a 1903 doki ya bar yaƙi, mota da babur kuma suka karɓe masa tafiya. Abin da ya rage masa shi ne hawan Sallah da sukuwa da folo, irin wanda gidan sarautar Katsina ya yi suna da shi tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko da Sarki Usman Nagogo. Waɗannan duka bisa barga suke tsaye. Abin da ake bukata shi ne sassan Hausa na jami'o'i su tura ɗalibai su zauna da shamakai da muraye da dattawan gidajen dawaki a Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato da Damagaram, su rubuta aikin da Hausa daki-daki yadda ake koyar da shi, daga yankan ciyawa har zuwa jafi, likitocin dabbobi kuma su duba. Dattawan nan ba su rubutu, kuma duk wanda ya kwanta dama da abin da ya sani yake tafiya.