Gida da Waƙa: Tarke a kan Karatun Waƙoƙin Longfellow a Gidansa na Kambirij

1.0 Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai al'adar mayar da gidajen marubuta wuraren ziyara. Jagora yakan zaga da baƙi ɗaki-ɗaki, ya nuna masu kujera da teburin rubutu, sa'annan ya tsaya ya karanta masu wasu baitoci. Wannan takarda za ta duba irin wannan karatu a gidan mawaƙin Amurka Henry Wadsworth Longfellow (1807-1882) da ke garin Kambirij, kusa da Boston. Manufar ita ce a gano abin da gida ke ƙara wa waƙa da abin da yake rage mata, domin ɗalibi ya san inda zai tsayar da hujjarsa yayin nazari.

2.0 Tarihin Gidan

John Vassall ne ya gina gidan a 1759, da dukiyar gonakin rake da bayi ke nomawa a Jamaika. Da rikicin neman ƴancin Amurka ya kunno kai, sai ya gudu a 1774 saboda yana goyon bayan Ingila. Janar George Washington ya mayar da gidan hedikwatarsa daga Yulin 1775 zuwa Afrilun 1776. Longfellow ya shigo a 1837 a matsayin ɗan haya, lokacin yana koyar da harsunan Turai a Jami'ar Harvard. Da ya auri Fanny Appleton a 1843, surukinsa Nathan Appleton ya saya masu gidan, kuma a nan ya zauna har rasuwarsa. Tun 1972 gidan yana hannun hukumar kula da wuraren tarihi da gandun daji ta Amurka.

3.0 Inda Gida ke Taimakon Waƙa

Waƙar "The Children's Hour" ta fito a 1860. Ƴar huɗu ce mai baiti 10, kuma tana bayanin yadda ƴaƴansa mata uku ke saukowa daga bene da almuru su auka wa ubansu a ɗakin karatunsa. Wanda ya saurari wannan waƙa yana tsaye tsakanin matakalar da ƙofar ɗakin ba ya bukatar dogon sharhi kafin ya gane hoton da ke cikinta. Idonsa ya riga ya auna nisan wurin. Haka kuma muryar mai karatu tana fito da kari da amsa-amo, abubuwan da ɗalibin da ke karatu a zuci yakan tsallake. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai nazarin adabin Hausa, domin rubutacciyar waƙa ba ta cika sai an rera ta. Wanda ya ji "Imfiraji" ta Aliyu Namangi a bakin makaho a kasuwa ya san cewa wurin aiwatarwa yana da tasiri a kan yadda ake karɓar saƙo.

4.0 Inda Gida ke Rage wa Waƙa

Matsalar tana farawa ne idan aka ɗauka cewa ganin ɗakin ya wadatar. Baƙo yakan tafi da hoton uba da ƴaƴansa cikin raha, ya ɗauka jigon ke nan. Amma a tsakiyar waƙar mawaƙin ya kamanta kansa da wani limamin Kirista na garin Bingen a Jamus, wanda almara ta ce ɓeraye ne suka cinye shi a cikin hasumiya. A ƙarshe kuma ya ce zai kulle yaran a kurkukun zuciyarsa har ginin ya rushe ya zama ƙura. Kalmomin yaƙi da kurkuku da rushewa suna nuna tsoron rabuwa da mutuwa a ƙarƙashin wasan. Babu wani abu a matakalar da zai nuna wannan, sai an koma ga zaɓen kalmomi.

Misali na biyu shi ne kujerar da ke ɗakin karatun. An sassaƙa ta ne daga itacen da Longfellow ya ambata a waƙarsa ta maƙerin ƙauye, "The Village Blacksmith", wadda ta fito a 1840. An sare itacen a 1876, yaran Kambirij kuma suka ba shi kujerar a 1879, ranar da ya cika shekara 72. Ke nan waƙar ce ta haifi kujerar. Kujerar shaida ce a kan farin jinin waƙar, amma ba ta da abin cewa a kan ma'anarta. Ɗalibin da ya juya wannan tsari ya sa keken a gaban doki ne a nazarinsa, domin ya mai da sakamako sanadi.

Misali na uku ya fi nauyi. A ranar 9 ga Yulin 1861 wuta ta kama rigar Fanny a cikin gidan, ta rasu washegari. Bayan shekara 18, a 1879, Longfellow ya rubuta "The Cross of Snow", waƙa mai ɗango 14. Ɗango 8 na farko suna cikin ɗakin kwana da dare, inda hoton matar ke rataye a bango. Ɗango 6 na ƙarshe sun tafi can yammacin Amurka, ga wani dutse mai alamar gicciye na dusar ƙanƙara da rana ba ta narkarwa. Ƙarfin waƙar yana wajen wannan juyi daga ɗaki zuwa dutse, daga wuta zuwa ƙanƙara. Gida yana iya nuna rabin farko kawai. Bugu da ƙari, mawaƙin bai buga wannan waƙa ba. Bayan rasuwarsa aka same ta cikin takardunsa, ƙanensa Samuel ya fitar da ita a 1886. Idan aka karanta ta da ƙarfi gaban baƙi, an canza yanayinta daga kukan zuci zuwa abin kallo, kuma wajibi ne mai nazari ya lura da wannan canji.

5.0 Abin da Gida ke Faɗa wanda Waƙa ta Yi Shiru a Kai

A 1842 Longfellow ya buga "Poems on Slavery", waƙoƙi 8 masu sukar bauta. Bayin da ke cikinsu suna nesa, a gonaki da fadamun kudancin Amurka ko a ƙarƙashin teku. Alhali a gidan da yake haya an taɓa bautar da mutane, irin su Cuba Vassall da ƴaƴanta. Kuɗin da aka saya masa gidan kuwa sun fito ne daga masaƙun garin Lowell, masu sarrafa audugar da bayi suka noma. Wannan bai soke gaskiyar niyyar mawaƙin ba. Amma a nan gida ya zama mai tarke da kansa, ya tada tambayar da matanin bai tada ba. Wannan ita ce babbar fa'idar ziyarar ga manazarci.

6.0 Kammalawa

An ga cewa gida yana fito da hoto da sauti, yana kuma iya ɓoye jigo, ko ya bayyana abin da mawaƙi ya tsallake. Saboda haka ana shawartar ɗalibi, ko waƙar Turanci yake nazari ko ta Hausa, ya raba hujjojinsa gida uku: abin da matani ya faɗa, abin da tarihin mawaƙi ya ƙara, da abin da wurin aiwatarwa ya sa mai sauraro ya ji. Duk hukuncin da zai yanke a kan jigo ko salo, sai ya iya nuna ɗangon da ya dogara a kansa. Ya kuma karanta waƙar kafin ziyara, ya sake karanta ta bayan ya fito, sa'annan ya rubuta abin da ya canza.