Suna Linzami: Matsalar Rarraba Ƙagaggun Labaran Hausa

Hausawa kan ce suna linzami ne. A fagen adabi ma haka abin yake, domin sunan da aka laƙaba wa littafi shi ke jan akalar mai karatu tun kafin ya buɗe shafin farko. Na fara fahimtar haka ne ranar da aka ba mu aikin jera littattafai a ƙarƙashin nau'o'insu, na sa Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu cikin littattafan soyayya, don kawai haka na ji ana kiran ire-irensa. Da na zauna na karanta shi, sai kunya ta kama ni. Labarin Rabi ne, matar da Alhaji Abdu ya kora tare da 'ya'yanta bayan ya auro Delu, da yadda ta tsaya da ƙafarta ta riƙe gida. Akwai soyayya a gefe, amma ba ita ke tuƙa labarin ba. Zalunci a gidan aure da sakayyarsa su ne ƙashin bayansa.

Tushen wannan kuskure, a ganina, shi ne yadda muke cakuɗa ma'aunai daban-daban. Wani lokaci jigo muke dubawa, mu ce labarin soyayya ko na jarunta. Wani lokaci zamani ne ma'auninmu, mu ce littattafan gasar 1933 ko na gasar kamfanin NNPC da aka buga a 1980. Wani lokaci kuma wurin bugu da sayarwa muke kallo, kamar yadda sunan Adabin Kasuwar Kano, wanda Ibrahim Malumfashi ya yayata, yake nunawa. Kowanne yana da amfaninsa, amma ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Sunan kasuwa yana faɗa mana yadda littafi ya iso hannunmu, ba ya faɗa mana abin da ke cikinsa. Ba mamaki da manazarta irin su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka ƙalubalanci wannan suna.

Idan muka koma ga littattafan farko, za mu ga cewa tun asali ba su yarda a tsare su a akurki ɗaya ba. Ganɗoki na Bello Kagara ya fara ne da tarihin gwagwarmaya da Turawa, sannan ya tsunduma cikin duniyar aljannu. Shin tarihi za mu kira shi ko tatsuniya? Ruwan Bagaja na Abubakar Imam labarin yawon nema ne, amma barkwancin da ke tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe shi ya fi zama a zukatan masu karatu. Jiki Magayi kuwa ya ginu ne a kan saurayin da mai kuɗi ya ƙwace wa budurwa, ya tafi neman ramuwa. Ashe soyayya ba baƙuwa ba ce da ta sauka a Kano a shekarun 1980, amma ba wanda ke kiran Jiki Magayi littafin soyayya da sigar raini. Wannan ya nuna mini cewa sau da yawa ba rarrabawa muke yi ba, hukunci muke yankewa, muna fakewa da sunan nau'i.

Asarar da ke cikin wannan ba ƙarama ba ce. Ɗalibin da aka gaya wa cewa rubutun matan Kano duk soyayya ce zai wuce Wa Zai Auri Jahila? bai san cewa muhawara ce a kan auren dole da ilimin 'ya mace ba. Alƙalin gasa da ya riga ya sa wa labari suna zai auna shi da mudun da ba nasa ba. Littafi kamar Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya kai mai karatu sararin samaniya, zai zauna maraya saboda ba mu tanadar masa gurbi ba.

Ba ina kira a watsar da rabe-rabe ba ne, domin nazari ba ya yiwuwa sai da su. Shawarata ita ce mai tarke ya bayyana ma'aunin da ya ɗauka, ya kuma tambayi kansa: wane rikici ne idan aka cire shi labarin zai rushe? Amsar wannan tambaya ita ce nau'in littafin. A cire auren Saudatu daga Alhaki Kuykuyo Ne, labari zai rage armashi amma zai tsaya. A cire korar Rabi, babu sauran littafi. Linzami dai don shiryar da doki aka yi shi, kuma ba a sa shi sai an ga dokin.