Daga Izu Zuwa Fihirisa: Tarke a Kan Koyar da Alamomin Littafi ga Yaran Karantina

1.0 Gabatarwa

Karantina tsohuwar unguwa ce da ta kasance a kudancin Jidda, wadda ta samo sunanta daga wurin killace alhazai don binciken lafiya. A da, Hausawa sun daɗe suna zaune a cikinta, kuma 'ya'yansu da yawa sun tashi da Hausa a baki, Larabci a takarda. Idan irin wannan yaro ya riƙi littafin ilimi na Hausar boko, ba baƙaƙe kaɗai ke yi masa cikas ba, har da tsarin littafin: inda zai buɗe, da inda zai nemi abin da yake so. Wannan sharhi ya dubi hanyar da ake bi wajen koyar da alamomin littafi, tare da nuna giɓin da ke cikinta.

2.0 Hanyar da Aka Aro

Manhajar Common Core ta Amurka, wadda aka fitar a 2010, ta tanadi cewa ɗan aji ɗaya ya san amfanin kanun magana da ƙunshiya da jerin ma'anonin kalmomi, ɗan aji biyu kuwa ya ƙara da bayanin ƙasan hoto da ƙananan kanu da fihirisa. Manufar ba ta da aibi, domin littafin ilimi ba tatsuniya ba ne da sai an bi shi daga farko har ƙarshe. Aibin yana ga kwaso jerin yadda yake, a ɗauki yaro tamkar sabon allo da ba a taɓa yi wa rubutu ba.

3.0 Abin da Yaro Ya Riga Ya Sani

Yaron Karantina ya san Mus'hafin Madina, wanda Cibiyar Sarki Fahad ke bugawa tun bayan buɗe ta a 1984. Shafi 604 ne, mafi yawansu layi 15, da sunan sura da lambar juzu'i a sama, da alamar izu a gefe, da fihirisar surori a ƙarshe. Wanda aka ce ya buɗe izu kaza ya kuma buɗe cikin ƙiftawar ido, ai ya riga ya iya aiki da kanun shafi. Kakanninsa ma sun gaji dabaru irin waɗannan a ƙasar Hausa. Alƙur'ani rubutun hannu warwara ne, ba ɗinki, ba lambar shafi, amma kalmar da ake ajiyewa a gindin takarda tana nuna wadda ke bi mata, sannan kumsa da kuri suna ƙidaya ayoyi biyar-biyar da goma-goma. Haka kuma littattafan fiƙihu irin su Ishmawi da Risala an yanka su babi-babi. Malamin da ya tsallake wannan gado ya bar jaki yana dukan taiki.

4.0 Inda Sabo Ke Rikitarwa

Sai dai gadon ba ya wadatarwa shi kaɗai, kuma a nan ne koyarwa ta fi zama dole. Na farko, littafin Larabci daga dama ake buɗe shi, kuma galibi ƙunshiyarsa tana ƙarshe, alhali ta littafin boko tana farko. Na biyu, siffar lambobin da aka saba gani a littattafan Saudiyya ta bambanta da ta boko, har biyar ɗin can tana kama da sifirin nan. Na uku, jerin abacada ba ya bin jerin alif da ba. Yaron da bai san mazaunin ɓ da ɗ da ƙ ba, ba zai amfana da ƙamusun Bargery na 1934 ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 ba.

Akwai kuma laifin mawallafa. Littattafan ilimi na Hausa da dama suna fitowa da ƙunshiya kawai, babu fihirisa, babu jerin ma'anonin kalmomi. Ba a koya wa yaro hawa tsanin da ba a kafa ba.

5.0 Kammalawa

Hanya mafi dacewa ita ce kwatance: a ajiye littafin da yaro ya sani kusa da wanda bai sani ba, misali Ikon Allah na East da Abubakar Imam, a ba shi tambaya guda ya nemo amsarta, sannan ya faɗi alamar da ta kai shi. Ta haka zai gane cewa izu da babi da kanu aiki ɗaya suke yi. Idan aka gaza yin wannan, Hausar yaran Karantina za ta tsaya a tsakar gida da kasuwa, ilimi kuwa su ci gaba da nemansa da wani harshe.